Birkin gaban babur ɗina yana kukan ƙarfe: in canza fad da kaina ko in jira bakanike?

Sani_Gwarzo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da babur Haojue 150, faifai ne a gaba, diram a baya. Tun makon jiya in na matsa birkin gaba sai in ji ƙarar ƙarfe yana gugar ƙarfe, kuma hannun birkin yana nutsewa fiye da yadda na saba. Na leƙa da fitilar waya, abin da ya rage a jikin fad ɗin, wato abin da ke matse faifan in an kama birki, bai taka kara ya karya ba. Bakaniken da nake kai wa aiki ya yi tafiya, na kusa da mu kuwa da masu diram suka fi sabawa. Shin aiki ne da mutum zai iya yi da kansa a ƙofar gida? Kuma wane irin fad ya kamata in saya? Ina da sifana da alanki da sukundireba.

Dan_Asabe_Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kafin komai ka ajiye babur ɗin nan. In har ka fara jin wannan ƙarar to naman fad ɗin ya ƙare, ƙarfen bayansa ne yake cin faifai. Duk fitar da za ka yi yanzu faifan kake lalatawa, shi kuwa ya ninka fad tsada nesa ba kusa ba.

Auwal_Achaba:
Birki ba abin koyo ba ne. Ka samu wani bakaniken ka kai masa kawai. Rai guda ne.

Oga_Bala_Bakanike:
Auwal, maganarka tana kan hanya, amma a duk aikin babur kaɗan ne suka kai canza fad ɗin faifai sauƙi, in dai mutum mai natsuwa ne. Bari in yi wa Malam Sani bayani, shi ya auna da kansa.

Ka ɗora babur a kan babban jak a wuri mai daidai. Kalifa ita ce wannan ƙarfen da ya rungumi faifai, fad ɗin suna cikinta. Tun tana ɗaure ka fara sassauta fin ɗin da ke riƙe da fad, don in ka riga ka ciro ta ba za ka samu abin dogarawa ba. Sannan ka kwance kusoshi biyun da suka ɗaure ta a jikin shokozoba, ka zaro ta daga kan faifai. Kada ka bar ta tana lilo a jikin tiyon mai, ka samu waya ko igiya ka rataye ta. Kuma ka ja kunnen yaran gida kada wanda ya taɓa hannun birki a wannan lokacin, don fistin, wato ɗan ƙarfen da ke cikin kalifa yana tura fad, zai turo waje, wani lokaci ma ya fito gaba ɗaya mai ya tsiyaye.

Kafin ka zare tsofaffin fad, ɗauki hoto da wayarka. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ke danne su, shi ne yawanci ake mayarwa a juye. Daga nan sai ka duba fistin: za ka ga ya fito sosai kuma ƙura ta daskare a gefensa. Ka goge shi tas da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, ka bari ya bushe. Wannan shi ne wurin da mutane suke ganganci. In ka tura shi ciki da dattinsa, dattin zai yanka robar da ke tare mai, bayan wata ɗaya ka ga kalifa tana zufa. In ya yi tsaf, sai ka mayar da tsohon fad a kansa, ka sa sukundireba mai faɗi ka danna a hankali har ya koma gidansa. Kada ka soki fistin kai tsaye da ƙarfe.

Sai ka jera sababbin, naman yana fuskantar faifai, ka mayar da fin, ka ɗora kalifa, ka ɗaure kusoshi da kyau. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran: kafin ka motsa babur, ka yi ta matsa hannun birki kana saki har sai ya yi tauri. Matsawar farko zai tafi har jikin kan babur ba tare da ya kama komai ba, domin fistin yana can ciki. Na taɓa ganin yaron shago ya gama aiki ya hau ya fita ba tare da ya yi haka ba, bangon maƙwabta ne ya tsayar da shi. Allah ya sa a hankali yake tafiya.

Sani_Gwarzo:
Allah ya saka da alheri Oga Bala. Na ga man da ke cikin ɗan kofin nan na kan hannu ya yi ƙasa. In ƙara kafin in fara?

Oga_Bala_Bakanike:
A'a, kada ka ƙara yanzu. Cinyewar fad ce ta sa ya sauka, saboda fistin ya fito mai ya bi shi. Da ka tura fistin ya koma za ka ga man ya hau da kansa. In ka cika tun yanzu ambaliya zai yi, kuma man birki yana cin fenti. Ka sassauta murfin, ka shimfiɗa tsumma a kan tanki, sai bayan ka gama ka duba ko yana tsakanin layuka biyun nan.

Injiniya_Mustapha:
Ƙari a kan maganar Oga. A kan murfin kofin an rubuta irin man da ake so, DOT 3 ko DOT 4. Shi za ka saya, a gorar da ba a taɓa buɗewa ba. Wannan man yana shan danshin iska, shi ya sa ake cewa a sauya shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Sabon DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, DOT 3 kuma 205, amma in ya sha ruwa yana tafasa tun ƙasa da haka sosai. In ya tafasa kumfa ne ke shiga layi, ka matsa birki ka ji babu komai. Masu saukowa gangara mai tsawo da kaya, irin hanyoyin Filato, sun san abin da nake faɗa. Kuma DOT 5 jinsinsa daban ne, ba a haɗa shi da waɗannan biyun. Malam Sani, in man naka ya yi baƙi ko ya yi duhu, a sauya shi gaba ɗaya.

Shehu_Kabukabu_Maradi:
Mu nan Maraɗi na ga wanda ya zuba man inji da nashi ya ƙare, ya ce ai duk mai ne.

Injiniya_Mustapha:
Subhanallah. Man inji yana kumbura robobin ciki. Da farko zai yi kamar yana aiki, daga baya ko birki ya riƙe taya ya ƙi saki, ko ya daina kamawa. In haka ta faru sai an wanke layin an sauya dukkan robobin masta, wato ɗan famfon mai da ke jikin hannun birki, da na kalifa. Don Allah ka je ka gaya masa yau.

Auwal_Achaba:
Ni fa duk wannan dogon bayani bai dame ni ba, domin birkin gaba ba na taɓa shi. Na Boksata ma na sassauta wayarsa. Shi ne yake kayar da mutum. Duk wanda ya yi sana'ar nan ya san haka.

Dan_Asabe_Fagge:
Haba Auwal! Kana ɗaukar fasinja da birki ɗaya?

Auwal_Achaba:
Tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013 nake wannan sana'a, yanzu a ƙauyuka nake yi. Hanyarmu yashi ce. Ka taɓa na gaba a cikin yashi ka ga inda za ka kwana.

Malam_Idi_Zariya:
Auwal ɗan'uwa, abin da ka faɗa game da yashi gaskiya ne, babu mai musu. A yashi ko taɓo ko tsakuwa, na baya ake lallaɓawa. To amma ba kullum kake cikin yashi ba. Ranar kasuwa kana hawa kwalta. Lokacin da ka taka birki nauyin babur da naka da na fasinja duk gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau. Shi ya sa a kan kwalta mafi yawan ƙarfin tsayawa, wajen kashi 70 cikin 100, daga tayar gaba yake zuwa. In akuya ko yaro ya faɗo maka ka danne na baya kaɗai, tayar za ta kulle ta ja ka, babur ya yi ta tafiya a karkace. Abin da ke kayar da mutane shi ne cafkar birkin gaba lokaci guda, ko matsa shi alhali kan babur yana a juye. A fara da taushi, sannan a ƙara ƙarfi. Ka samu fili da safe ka gwada, amma ka fara ɗaure wayar nan tukuna. Haƙƙin mutanen da kake ɗauka yana wuyanka.

Auwal_Achaba:
Na ji Malam. Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma zan sa a ɗaure.

Nura_Sifaya:
Mu koma tambayar Malam Sani ta biyu, wadda ba wanda ya amsa: wane iri zai saya. Ni kayan babur nake sayarwa. Shawarata ta farko, ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa a aljihu. Kada ka tsaya faɗin sunan babur kawai, domin kamfani ɗaya ma yana da kalifa iri-iri. Ka ɗora tsohon a kan sabon, ramukan fin da kunnuwan su zo daidai. Na biyu, ka duba inda naman ya haɗu da ƙarfe. In ka ga tsaga ko gam ya fito ta gefe, ko ka sa farce ka ga yana marmashewa, ajiye shi. Mai kyau kuma yawanci da tsagi a tsakiyar naman, wanda in ya shafe ka san lokacin canji ya yi. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali fiye da masu na ainihi.

Dan_Asabe_Fagge:
Malam Nura, ku 'yan kasuwa ku ne kuke kawo jabun ai.

Nura_Sifaya:
Alhaji, ba zan kare kowa ba, akwai masu cin amana a cikinmu. Amma zo ka zauna a shagona yini guda ka gani. Zan fito da kala uku in faɗi gaskiyar kowanne, mutum ya ce a ba shi na ƙasa. In na ƙi ajiyewa ya wuce shago na gaba. Daga Nnewi da Legas kayan suke zuwa mataki-mataki, kowa da kuɗinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ba mutum na ƙasa a kuɗin na sama.

Habu_Mai_Shayi:
Ni na taɓa sayen mai arha a wata kasuwar ƙauye. Ina cikin tafiya da buhun sukari a baya, naman ya ɓare daga jikin ƙarfen ya faɗi. Na matsa birki hannu ya tafi fayau. Da na baya da ƙafafuwana na samu na tsaya. Tun ranar ba na ciniki a kan kayan birki.

Injiniya_Mustapha:
Allah ya kiyaye gaba. Amma kada a ɗauka mafi tauri shi ne mafi kyau. Akwai mai laushi wanda aka haɗa da zare da gam, yana kamawa da kyau, ba ya kuka, ba ya cin faifai, sai dai yana saurin ƙarewa. Akwai mai garin ƙarfe da jan ƙarfe a ciki, yana jure zafi da ruwa, yana daɗewa, amma ya fi cin faifai. Ga ƙaramin babur na zirga-zirgar gari, mai laushin ko matsakaici ya wadatar.

Maman_Ilham:
Sallama gare ku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗana yana zuwa makaranta da Boksa, kullum in ya dawo sai in ga yana juya wani noti a tayar baya. Na tambaye shi ya ce birki yake ɗaurewa. Wannan daidai ne?

Oga_Bala_Bakanike:
Hajiya, ɗaure notin ba laifi ba ne, don haka aka yi shi. Amma in kullum ne, to akwai magana. Boksa diram gare ta, a ciki akwai shu guda biyu masu siffar rabin da'ira, su ne suke buɗewa su kama. Suna cinyewa ana ƙara ɗaure noti, har zaren ya ƙare. Ki ce ya duba wurin ɗan hannun ƙarfen da sandar birki take ja. A yawancin babura akwai 'yar kibiya a wurin da kuma alama a jikin murfin. In ya taka birki kibiyar ta kai kan alamar, shu ya ƙare, a sauya duka biyun tare da sifirin ɗinsu.

Abin da nake roƙo kada ya yarda a yi masa shi ne dabarar nan ta cire hannun a matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don a samu ƙarin zare. Wasu ma har gwangwani suke yankawa su naɗa a bakin shu. Ɗan ƙarfen da ke buɗe shu ɗin yana iya juyawa ya wuce iyakarsa ya maƙale, taya ta kulle ana cikin gudu. Kuɗin shu bai kai kuɗin ɗaurin karaya ba. Sannan feda tana son 'yar sarari, kamar faɗin yatsa ɗaya da rabi kafin ta fara kamawa. In an ɗaure ta tamau birki zai riƙa gugar diram, ya yi zafi, ya sha mai a banza. Duk ranar da aka ja sarƙa kuma a sake saita birkin baya, don tayar ta matsa.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai Oga. Gobe da kaina zan raka shi wurin mai gyara.

Malam_Idi_Zariya:
Tunda an zo maganar diram: masu buɗewa su daina hure ƙurar ciki da baki. Wasu kayan birkin, musamman tsofaffi da masu arha, ana samun asbestos, wani ma'adini mai siraran zare, a cikinsu, shi kuwa in ya shiga huhu ba ya fita, cutarsa sai bayan shekaru take bayyana. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Oga Bala, yaran shagonku su ne abin tausayi a nan.

Oga_Bala_Bakanike:
Wallahi gaskiya ne Malam. Mu haka muka taso muna hurewa, ba wanda ya gaya mana. Yanzu nakan hana, amma sai ka juya baya su koma.

Sani_Gwarzo:
Jama'a na kwance yau da safe, na bi bayanin Oga daki-daki. Ga abin da na tarar: fad ɗin da ke ɓangaren fistin ya cinye har ƙarfe, ɗayan kuwa da sauran kusan rabinsa. Faifan kuma ya yi layi-layi a gefe ɗaya, in na ja farce yana maƙalewa. Ban sa sabon ba tukuna. Me ya kawo wannan bambancin?

Oga_Bala_Bakanike:
Madalla da ka tsaya ka tambaya. Kalifarka ta daskare ne. Irin taku fistin a gefe ɗaya yake, ita kuma kalifar tana zamewa a kan wasu sanduna biyu masu rigar roba, ta haka take jawo ɗaya fad ɗin ya kama. Ƙurar hunturu da ruwan damina sun shiga sun sa tsatsa, ta daina zamewa, sai gefe ɗaya ya ɗauki aikin duka. Ka ja ƙarfen da ke ɗauke da ita ya fita, ka goge sandunan har su yi sheƙi, ka shafa musu girisin roba, wanda ake kira na silikon. Kada ka sa girisin boris na yau da kullum, yana kumbura rigar robar ta sake riƙewa. In rigar ta yage a sauya. Kuma ka wanke hannunka kafin ka taɓa sabon fad. Ko ɗigon maiƙo ya hau naman, ya tashi aiki. Da ka sa sabo ba ka gyara wannan ba, cikin ɗan lokaci za ka dawo da irin wannan ƙarar.

Shehu_Kabukabu_Maradi:
In maiƙo ya taɓa ba a wankewa da fetur? Mu haka muke yi.

Nura_Sifaya:
Naman yana tsotsewa ciki, Malam Shehu. Ka wanke sama, in ya yi zafi ya sake fitowa. Malam Sani ka duba shokozobar gefen faifan ma, in tana yoyo to a kan birkin take zuba.

Auwal_Achaba:
Kun gani ko? Daga canza fad an koma sanduna, an koma faifai. Abin da na faɗa tun farko ke nan, a kai wa mai sana'a.

Dan_Asabe_Fagge:
Auwal, da ya kai wa wani mai gaggawa, fad kawai zai cusa masa ya karɓi kuɗi. Shi da ya buɗe da kansa ai ga shi ya gano asalin ciwon. Maganar faifai kuma, Malam Sani, ka kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe su share maka fuskar, ya fi sayen sabo sauƙi.

Injiniya_Mustapha:
Alhaji a nan na saɓa maka. Faifan mota yana da kauri, ana iya sharewa. Na ƙaramin babur sabonsa ma wajen milimita 4 ne, iyakar da aka yarda ya kai kuwa 3 zuwa 3.5, ya danganta da babur. Me za a share a ciki? In ya yi siriri zafi kaɗan zai lanƙwasa shi, ka riƙa jin hannun birki yana bugun yatsunka. Malam Sani ka goge jikin faifan kusa da kusoshi, za ka ga an buga MIN TH da lamba, wato iyakar kaurin da aka yarda ya kai. A auna wurin da ya fi cinyewa, ba bakin ba, domin bakin fad ba ya taɓa shi.

Dan_Asabe_Fagge:
Ni dai an share mini nawa kuma har yau ina hawa.

Oga_Bala_Bakanike:
Kowannenku da hujjarsa. In layukan ba su yi zurfi ba kuma kaurin yana nan, ni nakan bi shi da samfefa mai laushi in bar shi, sabon fad zai zauna a kansa a hankali, sai dai zai ɗan fi saurin cinyewa. In farce yana nutsewa sosai, sabo ya fi. Ko wanne ka yi, kwanakin farko kada ka yi gudu. Ka samu hanya marar cunkoso ka riƙa ɗan tafiya kana tsayawa da matsakaicin ƙarfi, kana bari yana hucewa, har ka ji ya fara kamawa sosai. In ka ƙona shi tun ranar farko fuskarsa za ta yi santsi, ya riƙa kuka ba ya kamawa.

Sani_Gwarzo:
Na goge na gani, 3.5 aka rubuta. Sandunan kuma ɗaya ta fita da sauƙi, ɗayar sai da na yi ta murzawa, duk tsatsa ce, rigarta ma ta yage. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kano da faifan da tsohon fad ɗin a auna. Malam Nura, ana samun rigar robar ita kaɗai, ko sai an sayi kalifa sukutum?

Nura_Sifaya:
Ana samu, amma ba kowane shago ba. Ka tambayi kayan gyaran kalifa, suna zuwa a leda ɗaya da robobin fistin. Ka tafi da yagaggiyar don a gwada faɗinta. In ba ka samu a wurin masu sababbi ba, ka leƙa Ƙofar Ruwa wurin masu na hannu.